Na Bakwai Bai Faɗi Ba

Litinin, 2 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Gwaggo ta ce gaban littafin nan na awon mutane ne, bayansa kuma nawa ne, in riƙa rubuta abin da na ga dama don hannuna ya saba da biro. Aji huɗu na yi. To ga shi ina rubutawa.

Wata biyar ke nan da Baba ya kawo ni wurin Gwaggo, yayarsa, bayan rasuwar Inna. Tela ce. Shagon ɗaki ɗaya ne, keke biyu, teburin yanka, da madubi mai tsaga a kusurwa. Muna kwana a ɗakin baya. Har yau Baƙuwa take ce mini, duk layin sun ɗauka. Har yau in zan tsallaka titi sai na riƙe zanin wata.

Kalmasa kawai aka yarda in yi, da sa maɓalli.

Laraba, 4 ga wata, da azahar

Yau Gwaggo ta yi ƙara har na soke yatsa. Bakin ƙarfen tef ne ya kama mata ɗan tsiron wuya.

Tana da su da yawa, 'yan nama ƙanana masu lilo, kowanne da siririn wuyansa, daidai inda tef yake rataye tun safe har yamma. Ta ce shekara ashirin tef yana goga wurin, shi ya shuka mata su.

Mai Aski na shagon kusa ya leƙo, kansa na sheƙi, ba gashi ko ɗaya.

“Tela, kawo wuyan nan, da sabuwar reza minti biyu na share miki su.”

“Wuyana? Kai da ka aske naka kan har ya yi fushi ya ƙi dawowa?”

“Ai alama ce ta gwaninta.”

“Alama ce ta fari. Koma shagonka.”

Wata mai karɓar ɗinki ta ce akwai man shafawa a kemis, yana cinye su. Gwaggo ta ce abin da ya iya cin nama bai san inda nasa ya tsaya ba. Matar ta ce to asibiti. Gwaggo ta ce ga rigunan 'yan makaranta arba'in a kan tebur, wa zai ɗinka, asibitin?

Ban san sanda bakina ya buɗe ba. Na ce Kaka zare take ɗaure su da shi. A ƙulle gindin tam, kwana bakwai su bushe su faɗi da kansu. Na ce na sha riƙe mata zaren.

Gwaggo ta dube ni ta saman tabarau. Ta ce, “Ashe Baƙuwa ta san wani abu.”

Yini na yi ina jin daɗin maganar nan.

Alhamis, 5 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Na ɗaura.

Mun rufe shago da wuri. Na wanke hannu da sabulu sau biyu, na tafasa zaren kamar yadda Kaka ke yi. Gwaggo ta ce kowanne a ba shi launinsa don mu gane wanda ya riga faɗuwa, kamar yadda take sa wa kayan mutane alama. Ja, kore, shuɗi, ruwan toka, ruwan hoda, ruwan ƙasa. Shida a wuya. Ta ce ƙullina ya fi kalmasata kyau.

Sai ta juya mini baya ta ce, “Akwai wani can ƙasan kafaɗa, yana kama mini rigar ciki. Haɗa da shi.”

Na san shi. Tun farkon zuwana a bayan Gwaggo na koyi awo, kuma shi ne alamata. Daga shi nake gane na sa tef daidai tsakiyar kafaɗa ko na karkace.

Shi ba ya lilo. Ba shi da wuya. Baƙi ne, a zaune daram, gefensa yana ɗan ƙyalli.

Ta ce, “Duk iri ɗaya ne ko?”

Na ce e.

Sai da na tsunkule fatar sama kafin zaren ya sami wurin zama. Fari na sa masa. Kafin in gama ƙulli farin ya koma ja.

Asabar, 7 ga wata, da safe

Sun fara yin baƙi. Gwaggo tana yawo da zare kala-kala a wuya, Mai Aski ya ce ta zama shagon zare mai tafiya. Ta ce shi kuma madubi mai tafiya.

Talata, 10 ga wata, ƙarfe goma na safe

Ikon Allah! Kore ya faɗi. A kan teburin yanka muka tsince shi, ƙanƙane, busasshe, da zarensa kamar an yi masa ɗamara. Wurin da ya tashi sumul, sai ɗan ja kaɗan. Na daɗe ina kallonsa a tafin hannuna. Abin da ya yi shekaru a jikin mutum, zare ya ce masa tashi, ya tashi.

Gwaggo ta kira Mai Aski ya zo ya gani. Ta ce, “Ka ga aikin ɗiyata. Ba reza, ba surutu.”

Ɗiyata ta ce. Ba Baƙuwa ba.

Alhamis, 12 ga wata, da la'asar

Ja da shuɗi da ruwan hoda sun faɗi.

Asabar, 14 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Shida sun tafi. Wuyan Gwaggo fes. Tana ta shafawa.

Ta ce na bayan fa? Na duba. Zaren ya zame tuni, ban san ranar ba. Inda ya yanka bai rufe ba, yana ɗan ruwa.

Na ce saura kaɗan.

Litinin, 16 ga wata, da azahar

Na ce saura kaɗan.

Laraba, 18 ga wata, ƙarfe shida na safe

Ni ke wankin kayanmu. Kowace rigar ciki ta Gwaggo da ɗigo a wuri ɗaya. Ina jiƙa su tun kafin ta tashi, in shanya su ta bayan tawul.

Inna ma haka take wanke nata ita kaɗai. Ta ce mini ƙurji ne. Sai da ya kai ba ta iya ɗaga hannu sannan Baba ya sani.

Ba wannan na zo rubutawa ba. Na zo rubuta cewa mun gama riguna talatin da ɗaya.

Juma'a, 20 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Asiri ya tonu.

Gwaggo ta sa farar riga, ta sunkuya tana yanka. Mai Aski ya shigo aron almakashi kamar kullum, ya buɗe baki zai yi tsiya, sai ya yi shiru. Shi da ba ya shiru.

“Tela, mene ne wannan a bayanki?”

“Ɗan tsiro ne, ɗiyata ta ɗaure, ya kusa faɗuwa.”

Ya ce in ɗan janye masa wuyan rigar. Na janye. Ya duba, ya daɗe. Ya ce shi shekara talatin yana kallon ƙeyar mutane da wuyansu, ya ga tawadar Allah, ya ga tsiro, ya ga ƙurji. Ya ce wannan ko da an roƙe shi ba zai kai masa reza ba.

Gwaggo ta yi dariya ta ce, “Yau wanzami ya ji tsoron jini.”

Bai rama ba. Ya ce, “Litinin ki je asibiti. In kin ƙi, ni zan rufe shagona in zauna a ƙofar naki in riƙa korar miki mutane.”

Bayan ya fita ta tambaye ni, “Ke, yaya yake ne?”

Na ce ƙarami ne.

Ƙarami ne ɗin. Ban yi ƙarya ba a nan.

Litinin, 23 ga wata, ƙarfe bakwai na yamma

Yau na ga abin da ban taɓa gani ba, ban ma san ta inda zan fara ba.

Asibitin bene ne kan bene. Muka shiga wani ɗakin ƙarfe, ƙofa ta rufe kanta, cikina ya yi ƙasa, da ta buɗe sai ga mu a wani wuri daban. Na riƙe Gwaggo ta ce sake ni, kin yamutsa mini guga.

Likitar fata mace ce, gajera, hannunta ƙanana kamar na yarinya. Ta duba wuyan Gwaggo ta ce wa ya yi wannan? Gwaggo ta nuna ni da alfahari. Likita ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi faɗa ba. Ta ce masu lilon nan ba su da illa, yawancin mutane suna da su inda fata ke gogar fata ko tufa, kuma ko an bar su ba abin da za su yi. Ta ce mun ci sa'a wurin bai ruɓe ba. Ta ce tunda suna da yawa za a duba sukarin Gwaggo, wani lokaci tare suke tafiya.

Akwai sauran uku a hammata da ban gani ba. Gwaggo ta ce tunda an zo a gama da su.

Nas ta kawo wata kwalbar ƙarfe. Da aka buɗe sai hayaƙi fari ya zubo, amma ƙasa yake yi, ba sama ba! Hayaƙi mai gangarowa kamar ruwa. Na miƙa hannu Nas ta doke shi, ta ce sanyinsa ƙuna yake. Sanyi mai ƙuna. Likita ta fesa wa ɗaya, fuuu, nan take ya yi fari fat kamar alli. Ta ce kwana goma zai faɗi. Ta ce a fatarmu yakan bar ɗan farin tabo, shi ya sa ba ta son yin sa a fuska.

Na biyu ta yi masa allurar kashe zafi, ta ɗauko almakashi ɗan mitsitsi mai lanƙwasa, ƙyat, shi ke nan. Gwaggo ta ce ita fa wannan almakashin take so, don tsefe ɗinki. Na uku ta taɓa shi da wani ƙarfe mai wuta a baki kamar biro. Ya yi ƙauri irin na dutsen guga in an manta shi kan yadi.

Ina tsaye ina tunanin kwana tara da na yi ina jiran zare.

Sannan ta ce a juya baya.

Ta ɗauko wani gilashi mai fitila ta ɗora a kansa. Ta daɗe. Ta fi Mai Aski daɗewa. Muryarta ba ta canja ba, amma ta daina wasa da Gwaggo.

“Mama, tun yaushe yake nan?”

“'Yata ina zan sani, ina da ido a ƙeya ne?”

“Ya ƙara girma? Ya canja launi?”

Gwaggo ta ce ba ta sani ba. Likita ta dube ni. Bakina ya yi nauyi kamar an ɗinke shi.

Ta ce an taɓa shi da wani abu? Na ce zare. Ta rubuta.

Ta ce wannan ba za a fesa masa sanyi ba, ba za a ƙona shi ba, don in an ƙona ba za a taɓa sanin ko mene ne ba. Za a yanke shi duka da ɗan gefensa, a aika a duba. Alhamis.

A mota Gwaggo ta yi ta maganar almakashin nan har muka sauka.

Talata, 24 ga wata, da azahar

Na karya allura biyu. Gwaggo ba ta ce komai ba. Gara ta yi faɗa.

Laraba, 25 ga wata, ƙarfe shida na safe

Na koma gaban littafin nan, shafin farko, ranar da na fara koyon awo. Rubutuna kamar kaji sun yi tsere. “Gwaggo. Kafaɗa 16. Daga baƙin ɗigo zuwa ƙugu 11. Ɗigo kamar kan fil.”

Shafi na tara, bayan wata biyu: “Ɗigo ya fi kan fil.”

Shafi na ashirin: “Ɗigo kamar maɓallin wuyan riga, ƙarami.”

Ni na rubuta. Da hannuna. Ina ganinsa yana girma ina murna alamata ta fi fitowa.

Alhamis, 26 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

An yanke.

Na tafi da littafin a cikin mayafi. Da Nas ta shiga da Gwaggo ta canja riga, na tsaya gaban teburin Likita. Na buɗe shafin na tura mata.

Ta karanta. Ta juya shafi na tara, ta juya na ashirin. Ta ce kan fil wane iri? Na ciro ɗaya daga bakin mayafina, mai kan roba. Ta sa ɗan ma'auninta ta auna shi. Ta ce maɓallin fa? Na nuna na wuyan rigar da ke jikinta. Ta auna shi ma. Ta kwafe duka a takardar Gwaggo, da ranakun.

Ta ce, “Wa ya koya miki rubuta wannan?”

Na ce ba kowa, don kar in manta inda zan sa tef ne.

Ta ce, “Kina so ki tsaya ki gani?”

Na tsaya. Ta zana masa alama da biro mai shuɗi, siffar ido, kamar yadda Gwaggo ke zana wuyan riga da alli kafin yanka. Ta bar masa gefe, kamar rarar ɗinki. Gwaggo tana kwance rub da ciki tana ba Nas labarin rigunan makaranta, ba ta jin komai. Mutum ana yanka shi yana hira! Ashe ƙarƙashin fatarmu fari ne da rawaya. Ban sani ba. Duk shekarun nan ina yawo da shi ban sani ba.

Allurarta lanƙwasassa ce kamar jinjirin wata, ba ta riƙe ta da yatsa, da ɗan ƙarfe take riƙewa. Ta ɗinka ciki, sannan ta ɗinka waje. Shida na ƙirga. Kowane ɗaya da ƙullinsa, ba a jan zare ɗaya har ƙarshe irin namu.

Abin da aka cire an jefa shi a 'yar kwalba mai ruwa, an manna sunan Gwaggo. Nas ta ce mota za ta kai shi wani gari, a yanka shi siriri fiye da takarda, a sa masa launi, wani mutum ya duba shi ta gilashi ya ga abin da ke ciki ɗaya-ɗaya. Mutumin bai san Gwaggo ba, bai taɓa ganin shagonmu ba, amma shi zai faɗa mana.

Mako biyu.

Asabar, 28 ga wata, da safe

An hana ta ɗaga hannu sosai, kar ɗinkin ya buɗe. Tana zaune kan kujera tana ba da umarni, ni ina kan kekenta. Kekenta! Wanda ko ƙura ba ta bari in goge.

“Ke, sassauta ƙafa, ba gudun tsira kike ba.”

Mai Aski ya kawo mata shayi ya ce yau Tela ta zama mai gadi. Ta ce gara ita, tana gadin abin da zai dawo, ba irin gashinsa ba.

Sukarinta ya ɗan hau, an ce ta rage. Ta ce a shayin nan na Mai Aski ai ba abin ragewa, marowaci ne tun asali.

Litinin, 30 ga wata, da azahar

Ba labari.

Laraba, 2 ga sabon wata, ƙarfe biyar na yamma

Baba ya kira a wayar Gwaggo. Ta ce masa lafiya lau, ɗan ƙurji ne aka cire.

Na ajiye dutsen guga na shiga ɗakin baya. Ɗan ƙurji.

Alhamis, 3 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Ni ke canja mata auduga kowace yamma. Yau ina mannawa, bayanta na gabana, fuskarta na can, sai maganar ta fito da kanta. Ina jin da tana kallona da ba ta fito ba.

Na ce Gwaggo, ranar nan da kika ce duk iri ɗaya ne, na san ba iri ɗaya ba ne. Na ce na ga ba shi da wuya. Na ce ya yi jini tun ranar, ina ɓoye rigunan. Na ce wata biyar ina ganin yana girma. Na ce in zarena ne ya tayar da shi...

Ban ƙarasa ba.

Ba ta juyo ba.

Ta ce, “Don me?”

Na ce don kin ce ashe na san wani abu.

Ta ce, “Rigunan ciki na, kina tsammani ban san lissafinsu ba? Na ga kin mayar da shanya bayan tawul. Na ce bari in gani, ni ma ban tambaya ba.” Ta ja numfashi. “Ni na riƙe hannun uwarki a ƙarshe. Na yi mata faɗa har tana kan gado, na ce me ya sa kika ɓoye. Ga ni nan kuwa.”

Ina tsaye da audugar a hannu.

Ta ce, “Manna audugar nan, iska na shiga.”

Na manna. Ta karkace. Ta sa na cire na sake.

Lahadi, 6 ga wata, da safe

Wanda aka fesa wa sanyi ya faɗi. Ya bar ɗan farin tabo, kamar yadda Likita ta faɗa. Komai ta faɗa haka yake zama. Shi ya sa nake tsoron Alhamis.

Talata, 8 ga wata, da la'asar

An zo an kwashi rigunan makaranta, arba'in cif. Tara na ƙarshe ni na ɗinka daga farko har ƙarshe. Gwaggo ta juya su ciki ta duba ɗaya-ɗaya ba ta ce komai ba. Mai Aski ya ce in Tela ta yi shiru to yabo ne, ki karɓa ki ɓoye.

Laraba, 9 ga wata, da azahar

Gobe.

Alhamis, 10 ga wata, ƙarfe bakwai na yamma

Mai Aski ya rufe shagonsa ya biyo mu. Ya ce yana da aiki a unguwar. Gwaggo ta ce wane aiki, asibitin ya ce a zo a aske masa bene? Ya zauna a benci a waje, hularsa a hannu.

Likita ta fara da cire ɗinki. Sannan ta zauna, ta jawo takarda, ta dubi Gwaggo ido cikin ido. Ta faɗi sunan.

Daji.

Na rubuta. Shekara guda ban faɗe shi ba, ko a zuciyata ciwon Inna nake cewa. Ga shi nan a takarda, bai cinye ta ba.

Kunnena ya toshe. Sai na ji hannun Gwaggo ya damƙe gwiwata, tana cewa ke, saurara, magana ake.

Likita ta ce shi ma iri-iri ne. Wannan irin na fata ne mai cin wurinsa a hankali, ba kasafai yake tafiya wani wuri ba. Ta ce mutumin can ya duba gefen naman ta ko'ina, ya ga an fitar da shi duka, ba a bar komai ba. Ta ce da an ƙara masa shekara biyu ko uku da aikin ba ɗan ɗinki shida ba ne. Ta ce ba sauran magani, sai dai a riƙa dawowa duk wata shida, a kuma riƙa duba jiki.

Gwaggo ta ce alhamdulillahi sau uku. Muryarta ta fashe a na uku.

Ni kuma na tambaya. Ban san inda na sami bakin ba. Na ce zarena ne?

Ta ce, “A'a. Yana nan tun kafin zarenki, littafinki ma ya nuna. Zaren ciwo kawai ya ji masa. Amma da ya yi nasara ya guntule kansa, da kun ce ya warke, saiwar tana ciki tana aikinta.” Ta nuna ni da biro. “Kar ki ƙara ɗaure abin da ba a duba ba, ko na wa. Kin ji?”

Na ce na ji.

Ta ce, “Idonki ya gani tun kafin nawa. Bakinki ne ya makara.”

Gwaggo ta ce a ba ta madubi biyu, ita fa sai ta ga wurin. Nas ta riƙe ɗaya, na riƙe ɗaya. Layi ne siriri, tsawon ɗan yatsa. Gwaggo ta karkata kai ta daɗe tana kallo ta saman tabarau.

Ta ce, “Ba laifi. Ɗinki na huɗu ya ɗan ja. In kin gaji da asibiti ki zo, ina da keke ɗaya a ajiye.”

Likita ta yi dariya har ta dafa tebur.

Da muka fito Mai Aski ya miƙe. Bai tambaya ba, fuskar Gwaggo ya duba. Ta ce, “Sa hularka, kana kashe wa marasa lafiya ido.” Ya sa. Ya juya yana kallon bango, wai yana karanta sanarwa.

Juma'a, 11 ga wata, ƙarfe tara na safe

Gwaggo ta kira Baba da kanta. Ta faɗa masa duka, har da sunan. Ta ce ya duba bayan Kaka, in ba zai iya ba ya sa a duba.

Wata mata ta zo, ta ce ta ji a layi ina ɗaure tsiro, ga nata a fatar ido. Na ce mata hawa na uku, ƙofa ta biyu, kar ta ji tsoron ɗakin ƙarfen, yana buɗewa.

Juma'a, 1 ga sabon wata, ƙarfe bakwai na safe

Gwaggo ta ce duk ɗaya ga wata, kafin a buɗe shago. Ta zauna a bakin taga inda haske yake, ta juya mini baya, ta miƙo tef ta kan kafaɗa.

Ta ce, “Abin da kika gani za ki faɗa, ba abin da nake so in ji ba.”

Na duba daga ƙeya har ƙugu. Na duba bayan kunne. Na daɗe, don na ga haka ake yi.

Tabo, inci biyu, a rufe. Tawadar Allah ɗaya a kafaɗar hagu, kamar kan fil, a kwance, ruwan ƙasa. Na faɗa mata da baki, sannan na rubuta.

Ta ce, “Shi ke nan?”

Na ce shi ke nan.

Ta ce, “To buɗe shago, ɗiyata. Kuma ki nemi wata alamar awon, waccan ta tafi wani gari.”